Rasuwar Jan Allo, Mai Tsawa da Muryar Tsohuwa

Ku yafe min karambani. Ni Diep, 'yar ƙusurwar taga, ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba, kuma na san ba bakina ya kamata wannan magana ta fito ba.

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, kunya ta ɗora, nake sanar da ma'aikatan ofishinmu na nan birnin Da Nang rasuwar Jan Allo, allon gargaɗi na manhajarmu mai tsaron jakar kirifto, wato kuɗin intanet.

Marigayin ba kyakkyawa ba ne. Ja ne jawur, haruffansa ɓaro-ɓaro kamar allon mai facin babur. Amma bai taɓa barci a bakin aiki ba. Duk wanda ya tashi tura kuɗi zuwa adireshin da ake zargi, sai ya tare shi da muryar wata tsohuwa: "Kai, ɗan nema! Ina idonka? Ɓarawo za ka ciyar?" In ka yi taurin kai ka sake dannawa, ya ce, "To, je ka. Kar ka dawo min da kuka."

Ciwon ajalinsa ya same shi a ɗakin taro, daga bakina. An ba ni aikin sake fasalin manhajar, na miƙe, na ce littattafai sun hana a kunyata mai amfani. Na nuna sabon allo, shuɗi mai sanyi, ƙararrawarsa kamar cokali ya taɓa kofi. Aka tafa. Yaya Khiem, wanda ya gina marigayin, ya tashi ya fita shan taba. Na ɗauka haushi ne na mai sana'a.

Sai jiya Oga Loc ya tare ni a matakala.

"Ke 'yar littafi, kin san muryar wa kika goge kuwa?"

Muryar Inna Tuyet ce, mahaifiyar Yaya Khiem, mai sayar da taliya a ƙasan ginin nan, wadda ta rasu bara. Ashe kullum da safe, kafin ya kurɓi kofi, sai Yaya Khiem ya rubuta adireshin banza da gangan don ta yi masa faɗa. Na ce ai muryar na nan a ajiye, yana iya kunnawa. Oga ya harare ni.

"Faɗan da ka kunna da hannunka faɗa ne?"

Marigayin ya bar maɓallin "Fasa", wanda na rage wa girma, da dubban mutanen da ya ceta ba su gode ba, da maraya guda.

Tsohuwar manhajar za ta daina aiki ranar Juma'a da rana, an riga an sa hannu. Kafin nan ƙofar bankwana a buɗe take: mai so ya rubuta adireshin banza, sau nawa ya ga dama, ba wanda zai ce ya rage sauti.

Za a yi jana'iza da yammacin ranar a saman bene. Na yi wayar kwali, na manna mata hoton marigayin, za a ƙona ta da turare da kwanon taliya a gefe, don ta isa hannun Inna Tuyet a lahira, kamar yadda muke aika wa mamata kaya a al'adarmu. Ashanar tana aljihun teburinka, Yaya Khiem. In ba ka ƙyasta ba, ba wanda zai ƙyasta.

Na ji motsin babura a ƙasa, an fara dawowa daga cin abinci. Bari in manna wannan a bango, in bi ta matakalar baya, kar mu yi ido biyu da Yaya Khiem.