Tulun da Na Binne a Gidan Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na jawo wa wata baiwar Allah zargin asiri saboda kabeji ba.

Lokacin an tura ni koyar da girki a wata makarantar 'yan mata a Babura, ina haya a gidan wata Hajiya. Girki kam na iya, ko a Kazaure garinmu an san hannuna. Turancin ne matsala. Aka ce masu duba malamai za su zo daga Dutse, kuma da Turanci za a yi darasi, ni kuwa duk abin da ya hau wuta "cook" nake ce masa, ko suya ce ko turarawa.

Wata ƙawata ta turo min bidiyon wata tsohuwa 'yar Koriya da ke girki a ƙauyensu, 'yarta tana bayani da Turanci a hankali, kalma-kalma, kamar don ni aka yi. A nan na san kalmomin girki irin su "chop" da "simmer" da "ferment". Kullum bayan azahar, in gida ya yi tsit, sai in laɓe bayan ɗakina in kunna. Tsohuwa ta yi da yarensu, 'yar ta fassara, ni in maimaita ƙasa-ƙasa (kada a ji Malama guda tana koyon Turanci a waya).

Da na tsaya a nan da lafiya lau. Amma sai na ce kalma ba ta zama a kai sai hannu ya yi aikin. Tsohuwar ta haɗa wani kabeji da suke kira kimchi, ta danna a tulu, ta binne a ƙasa. Ni ma na sayo tulu, na zuba kabeji da gishiri da tafarnuwa da citta da jan barkono da garin busasshen kifi. Na rufe bakin da leda, na ɗaure da abin da hannuna ya fara samu, wani jan ƙyalle. Ranar da matan gida suka tafi bikin suna, na haƙa rami a gindin darbejiya, kusa da ɗakin Inna Indo, na binne. Sai daga baya na lura cewa a bidiyon ƙanƙara ce ta rufe ƙasar, mu kuwa rana ce mai dafa ƙwai.

Inna Indo ita ma 'yar haya ce, dattijuwa daga Gwiwa mai sayar da daddawa. Ba ta da surutu, kuma ba mai zuwa wurinta.

Kaji ne suka fara ƙaurace wa gindin bishiyar. Sai ƙasar wurin ta jiƙe da wani jan ruwa, alhali ko ɗigo ba a yi daga sama ba. Sai wari, irin wanda ba ka iya cewa na mene ne. Wata rana tsaka, ba kowa a tsakar gida, ko ganye ba ya motsi, na je in duba. Na ji ƙasa tana huci. Ta yi shiru, ta sake huci, a hankali, kamar mai barci. Wallahi ni da na binne da hannuna sai da na yi a'uziyya na ja da baya.

A makon ne ƙafar Hajiya ta kumbura. Ta kira ni ɗakinta, ta rage murya.

"Malama, ke mai ilimi ce. Ba kya jin muryoyi bayan azahar? Mata biyu, ta uku na amsawa. Kuma ba yaren mutane ba ne."

Na ce, "Allah ya tsare, Hajiya." Abin da na ce ke nan, Allah ya yafe min.

Washegari ta aika garin Roni aka zo da yayanta, wani malami mai farin gemu. Ya zagaya bishiyar yana karatu, ya sa wani ƙanen Hajiya ya ɗauko fartanya. Mata suka cika tsakar gida, ba mai ko tari. Ina tsaye a cikinsu, na rufe baki da gefen hijabi, ina ce wa kaina yanzu zan yi magana, bari dai a ɗan ƙara haƙawa. Fartanya ta daki wani abu. Jan ƙyalle ya bayyana, ledar ta kumbura tim, tana ɗagawa tana sauka, jan kumfa na tsattsafowa ta gefe. Wata ta ja 'yarta ta fice daga gidan.

Hajiya ta juya, ta dubi Inna Indo.

"Indo, me na yi miki? A bakin ɗakinki. Ki kwashe kayanki kafin magariba."

Inna Indo ta ce, "Allah ya gani, Hajiya." Ta shiga ɗaki. Ta ƙofa na hango ta tana naɗe tabarmarta. Nan ne kunyar shirun ta fi ƙarfin kunyar maganar.

"Allah gafarta Malam," na ce, "kabeji ne."

"Kabeji?"

"Nawa ne. Turanci nake koyo."

Malam ya dube ni, ya dubi tulun. "To, Malama, yanzu a ƙasa ake binne Turancin?"

Na ciro waya na kunna. Da muryar tsohuwar ta fito, Hajiya ta zabura, ta ce ai su ne, su ne matan. Aka yi ta miƙa wayar hannu zuwa hannu. Duk da haka Hajiya ba ta gamsu ba.

"In abinci ne, ki ci mu gani."

Na kwance ƙyallen, ledar ta fashe, ta fesa wa Malam jan ruwa a farar rigarsa. Na sa hannu na ɗebo na kai baki. Tsami, yaji, da wani abu da har yau ban samo masa suna ba a kowane yare. Na haɗiye, hawaye na zuba, na ce (don ƙarfin hali) da daɗi. Sai a lokacin mata suka fashe da dariya. Ƙafar Hajiya kuwa, a asibiti aka ce sanyin ƙashi ne.

Da la'asar na je wurin Inna Indo, na durƙusa na ba ta haƙuri. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malama, ba kabejinki ne ya dame ni ba. Tun da aka fara haƙa kina tsaye."

Hajiya ta roƙe ta, Malam ya sa baki, amma ba ta sake shimfiɗa tabarmar nan ba. Ta ce gidan da aka dube ta aka ga mai asiri ba wurin kwananta ba ne. Ranar kasuwa ta hau mota ta koma Gwiwa.

Tun daga nan, duk abin da zan girka a bainar jama'a nake girka shi. In kuwa na ga an ɗauko fartanya a kan abin da yake nawa, tun kafin a kai sara nake buɗe baki.