Ranar da Injiniya Dickson Ya Yanka Kebul

Kwoi ta yi sa'a, jama'a. Garuruwa nawa ke da mutum irin Injiniya Dickson, wanda ya yi kwas na sati uku cur a Kafanchan, ya dawo da jakar laftof da tabarau marar magani? Tun daga ranar bai ƙara cin tuwo da hannu ba. Yatsun da ke taɓa intanet ne.

Ƙungiyar manoman citta ce ta kira shi, don netwok ɗin ofishinsu ya fi akuya yawo. Ya haɗa musu layi biyu a rauta ɗaya, wato akwatin raba intanet: kebul daga dish ɗin kan rufi, da sim a ciki. In ɗaya ya mutu, ɗayan ya tashi da kansa. Da sakatariya, Mama Magdalene, ta ce a gwada, sai ya dube ta ta saman tabarau. "Mama, wanda bai yarda da aikinsa ba shi ke testin."

Ya sa bikin buɗewa ranar Juma'a, ranar da za a rufe rajistar tallafin irin citta da sha biyu na rana. Manoma ɗari uku da cuta ta cinye gonakinsu bara, sunayensu na hannun Mama Magdalene, tamanin kawai ta shigar ta intanet. Ta roƙe shi ya bari sai Litinin. Ina! An riga an kafa rumfa.

Fasto ya yi addu'a, zumuntar mata ta yi waƙa. Injiniya ya jingina wayarsa a tebur tana nuna shi kai tsaye ga duniya, ya ɗaga almakashi. "Wasu ƙyalle suke yankawa. Ni Dickson kebul zan yanka, kuma netwok ko tari ba zai yi ba!"

Ya datse. Aka yi tafi, aka yi guɗa. Daga cikin ofis Mama Magdalene ta kurma ihu: "Yesu! Ya tsaya!"

Aka jira layi na biyu. Injiniya ya ce yana ɗumama jiki ne. Sha biyu saura minti uku Mama Magdalene ta juya rautar da kanta, ramin sim wayam. Ashe yana cikin wayar Injiniya. Ya are shi da safe, datarsa ta ƙare, ga babban biki a gaba.

Kafin a samo allurar ciro shi, rajista ta rufe. Mama Magdalene ta zauna a dakali tana kuka, ni kaina raina ya ɓaci.

Amma kada a ce aikin bai yi ba. Jawabin Injiniya ya fita tas, bai yanke ko sau ɗaya ba. Mutum huɗu suka kalla.