Nomau da Kumallon Yaya Tabawa

A Kwarin Ɗinya akwai wani mutum wai shi Nomau. Ya ba talatin baya, ga gemu, ga ƙarfin noma kamar bijimi, amma magana yadda ta shiga kunnensa haka take zama, ba ta lanƙwasa. In ka ce masa ya riƙe bakinsa, hannu biyu zai sa ya riƙe. Ba shi da kowa a duniya sai yayarsa Tabawa, wadda ta dawo gidan ubansu bayan rasuwar mijinta, tana tuyar ƙosai da waina a ƙofar gida. Rabin garin a hannunta suke karyawa, amma ita kanta ba ta sa komai a baki sai rana ta take. Lokacin yunwa ta gama cin ta, sai ta afka wa ragowar ƙosai ta kora da lemon kwalba, da almuru kuma ta share malmalar tuwo uku. Jiki ya yi ta hawa, har tashi daga kujera ya zama sai ta dafa bango.

Wata rana tana tsakiyar tuya jiri ya ɗebe ta, ta zube gefen murhu, saura ƙiris kaskon mai ya kife mata. Nomau ya tsorata, domin haka innarsu ta faɗi shekarun baya, ba ta ƙara magana ba har aka kai ta makwancinta. Ya ɗora Tabawa a amalanke ya tura da gudu zuwa ɗan asibitin garin. Malama Lantana, ma'aikaciyar lafiyar wurin, ta auna jininta, ta hawar da ita sikeli, sannan ta miƙa mata ƙwayoyin magani.

"Tabawa, jininki ya hau, kuma nauyin nan ne ke tura shi. In ba a rage ba, faɗuwa ta gaba ba lalle ki tashi da ɓarin jikinki duka biyu ba."

"To Malama, me zan daina ci?"

"Kafin abin da za ki daina, ga abin da za ki fara. Kullum da safe ki karya kumallo. Wanda ya wuni da yunwa ba ya zaɓen abinci, abin da ya tarar shi yake danna wa cikinsa."

Duk bayanin nan abu ɗaya Nomau ya kwaso: akwai wani Kumallo, in ba a karya shi ba Yaya za ta mutu.

Wata rana, washegarin zuwa asibitin ke nan, ya saɓa taɓarya ya shiga gari yana tambayar gidan Kumallo. Ya tambaya a bakin masallaci, ya tambaya a maƙera, kowa sai dariya. Wani tsoho mai saƙar tabarma ya tausaya masa ya ce, "Kai Nomau, ai kumallo ba mutum ba ne. A cikin ciki yake kwana." Nomau ya ji kamar an watsa masa ruwan randa. Ashe abin yana cikin Yaya! Da gari ya waye Tabawa ta idar da salla ta ɗan kishingiɗa, buɗe idon da za ta yi sai ga ƙaninta tsaye a kanta, taɓarya a sama, hawaye na bin gemunsa.

"Yaya, ta wane gefe yake kwance? Wallahi a hankali zan buga."

Ihun da ta kurma ya tara maƙwabta. Hansatu, aminiyarta ta gidan da ke jikin nasu, ita ta ƙwace taɓaryar, ta zaunar da shi ta ce abinci ne ke karya kumallo, ba icce ba. Don a zauna lafiya Tabawa ta dama kunu ta sha a gabansa. Ya ɗora kunne kusa da cikinta, ya ji wani ƙugi, ya sauke ajiyar zuciya.

"Ya karye. Na ji ƙararsa."

Wata rana aka koma awo. Malama Lantana ta lura Tabawa tana karyawa kam, amma kunun rabinsa sukari ne, ga ƙosai goma a gefe. Ta dubi Nomau ta ce, "Kai kake tare da ita. Ka riƙa sa ido a kan abin da take ci da safe." Nomau ya shafa idanunsa. Biyu ne kacal, in ya sa ɗaya yau ya sa ɗaya gobe, jibi fa? Ya wuni yana saƙawa yana kwancewa, har Allah ya kawo masa dabara. Ya je wurin Barau mahauci ya roƙi idon bijimi. Da safe Tabawa ta ɗaga faifan da aka rufe kununta, sai ga ƙaton ido yana yawo a kai yana kallonta. Ta yi jifa da ƙwaryar, ta fita tsakar gida tana salati, tana cewa an yi mata jifa, maƙiya sun biyo ta har cikin kunu. Har an aika a kira liman, Nomau ya fito daga bayan rumbu.

"Malama ce ta ce a sa. Kuma na bijimi ne, Yaya, ba na mutum ba."

Kwana uku Tabawa ba ta iya kallon kunu ba, sai dafaffen ƙwai da kwaɗon zogale take karyawa da su.

Wata rana Tabawa ta yi ƙorafi cewa kafin azahar yunwa ke dawo mata. Malama ta ce ta nemi abin da zai riƙe mata ciki, kamar wake ko ƙwai. Nomau bai tsaya jin ƙarshen ba, domin ya san wake ba shi da hannu. Ya gangara rafi ya yi ta cusa yatsa a ramuka, har ya dace. Ya dawo gida fuska a yamutse, ƙaguwa na reto a babban yatsansa, jini na ɗiga.

"Yaya, ga mai riƙo. Tun hantsi ta kama ni, har yanzu ba ta saki ba. Haɗiye ta da ranta."

Sai da aka sa wuta kusa da ita ta sake shi. Tabawa ta ɗaure masa yatsan tana faɗa, amma a ranar ta jiƙa wake, ta ce gara ta ci alala da safe da wannan bawan Allah ya kawo mata kunama gobe.

A haka aka ci wata huɗu. Tabawa tana karyawa kafin ta ɗora kasko, hannunta ya daina kai wa ƙosan sayarwa, tuwon almuru ya koma malmala ɗaya, jirin ya yi sauƙi. Wata rana sikeli ya nuna ta rage kilo takwas. Malama Lantana ta yi murna, amma ta ɗaga yatsa.

"Ragewa ba ita ce wahala ba. Ƙiba tana dawowa. Ranar da kika fara tsallake karin safe, ranar kika buɗe mata ƙofa."

Nomau ya waiga bakin ƙofa da sauri. Ashe abin da ya fita daga jikin Yaya yana nan da ransa a wani wuri, ya kuma san hanyar gida. Daga ranar ya ƙaurace wa gona da safe, ya zauna a bakin zaure da gora, yana duban gabas yana duban yamma. Ran nan sai ga wani dillalin shanu, baƙo, mutum kamar rumbu, ya nufo gidan zai sayi waina. Nomau ya miƙe, ya gitta gorar.

"Na gane ki, ko da kin sa babbar riga. Yaya ta karya tun ɗazu, babu ƙofa. Koma inda kika fito!"

Baƙon ya ga mutum na kuka yana kaɗa gora, ya tattare riga ya ba ƙafa iska. Wainar kyauta Tabawa ta aika masa har tasha tare da ban haƙuri.

Wata rana, ranar kasuwa, wani mai magani ya zo da mota da lasifika. Yana ɗaga wata baƙar kwalba yana cewa kwana bakwai kacal, tumbi ya zube. Sharaɗinsa ɗaya ne: a sha da sassafe ciki babu komai, kada a ci abinci sai bayan la'asar. A lokacin sikeli ya yi wata guda bai motsa wa Tabawa ba, zuciyarta ta fara gajiya da alala da zogale. Ita da Hansatu kowacce ta sayi kwalba. Tana tura tata ƙarƙashin gado sai ta ga Nomau a bakin ƙofa ya zuba mata ido.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Magani ne. Gobe ba zan karya ba, shi zan sha. Kuma ka ji ni da kyau, kada Malama ta ji. Maganar kwalbar nan ka binne ta."

"In binne?"

"Ka binne, na ce."

Da safe Tabawa ta laluba ƙarƙashin gado, wayam. Ta ɗaga tabarma, ta zazzage adudu, babu kwalba babu dalilinta. Ta fito ta tarar da Nomau zaune, ƙasa har gwiwar hannunsa.

"Ina kwalbata?"

"Na binne, Yaya. Tun kafin asuba."

"Magana na ce ka binne, ba kwalba ba!"

"Na nemi maganar ban gan ta ba. Na ce to wataƙila a ciki take."

Ranar Tabawa ta yi masa faɗan da ba ta taɓa yi ba. Ta ce ya zame mata ƙarfen ƙafa, ta ce gobe za ta tattara ta koma wurin dangin mijinta, ya nemi mai dafa masa. Nomau ya durƙushe, duniya ta yi masa duhu, amma ko da ta tsare shi ya nuna wurin, ya ƙi nunawa don tsoro. Da yunwa ta ishe ta, ta ja kwanon alala ta ci tana harararsa.

Kwana biyu ba ta yi masa magana ba, kayanta a ƙulle a kusurwar ɗaki. A rana ta uku da hantsi kururuwa ta tashi daga gidan Hansatu. Aka same ta a bayan gida, gudawa ta tsiyaye ta, idanu sun faɗa, ba ta san wanda ke kanta ba. Nomau ne ya tura amalanken. A asibiti suka tarar da wasu mata biyu kwance ana ƙara musu ruwa, kowacce da baƙar kwalba a gefen gadonta, mai lasifika kuwa tuni ya bar ƙasar. Tabawa ta jingina da bango. Malama Lantana ta dube ta.

"Ke ma kin saya?"

Ta sunkuyar da kai ta faɗi gaskiya.

"Da hawan jininki, da maganin da kike sha, a cikin da babu komai? Tabawa, da ba a nan za mu kwantar da ke ba."

Sai bayan azahar Hansatu ta buɗe ido ta nemi ruwa. Tabawa ta fito waje, ta sami ƙaninta rakuɓe a gindin amalanke, yana jiran a ce masa yau ce tafiyar. Ta zauna kusa da shi, ta kama hannunsa mai tabon ƙaguwa, ta ce babu inda za ta. Malama ta biyo su ta ce tana son kwalbar, za ta aika da ita birni a bincika abin da ke ciki.

"Nomau, je ka tono mana ita."

Ya zaro ido, ya ja da baya.

"Haba Malama! Rami mai zurfi na haƙa mata, na rufe, har ƙaya na jera a kai kada kare ya tone. Ni tun da nake a garin nan ban taɓa ganin wanda aka binne an koma an ɗauko shi ba. Ki ɗauki ta Hansatu, ita da ranta."