Rasuwar Madubin Hangen Nesa na Foridul Mai Kwale-kwale

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, kai kuma a sunkuye, Dilwara matar Foridul mai kwale-kwale, ta tsibirin Sonadiya, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar madubin hangen nesa na mijinta. Ya cika ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar sanyi, bayan jinyar kwana huɗu.

Marigayin ya shigo gidan shekara tara da suka wuce. Wata malama daga birnin Dhaka ce ta rataya shi a wuyan Foridul ranar da ya ƙone tarkunansa, ya yi rantsuwa ya daina kamun tsuntsu. Tun daga nan, duk sanyi, idan teku ya janye ya bar taɓo, su biyu suke fita da baƙi masu zuwa kallon tsuntsayen da ke tasowa daga ƙasashen ƙanƙara. Cikin dubbai marigayin yake tsamo 'yar ƙaramar tsuntsuwar nan mai baki kamar cokali, wadda don ita mutane ke ƙetaro ruwa. Bai taɓa nuna wata ya ce ita ce ba. Ya sha iskar gishiri da warin busasshen kifi bai yi ƙorafi ba. Abin da aka taɓa ji daga bakinsa kawai ƙyit, ƙyit, idan an murɗa 'yar tayar da ke tsakiyarsa.

Wannan kukan ne Dilwara ta kasa jurewa. A tsibirin nan duk abin da ya yi ƙara mai yake nema, ko ƙofa ko almakashi. Ranar Juma'a Foridul ya tafi masallaci ya bar shi a kan akwati. Ta narkar da man kwakwar da take shafa wa gashinta, ta ɗiga masa a gaɓoɓi, ba ta yi masa rowa ba. Kukan ya tsaya. Ta manta man kwakwa ba ya shiri da sanyi. Da gari ya waye ya daskare a ciki, idanun biyu suka yi fari kamar na tsoho mai yana.

Foridul ya duba, ya goge da haɓar riga, ya sake dubawa. Ya ce wa Dilwara, “Maman Shefali, gishiri ya cinye shi. Ni na bar shi ba murfi.”

Ta ce, “Allah ya ba shi lafiya,” ta ci gaba da tsintar shinkafa.

Ranar Talata da Foridul ya fita, ta ajiye majinyacin kusa da murhu don man ya narke. Sai ta ji ƙas daga cikinsa. Ta ɗaga, wani abu yana yawo a ciki kamar tsakuwa a gwangwani.

Marigayin ya bar igiyar wuya, da jakar fata, da murfi ɗaya, don ɗayan ya riga shi tun bara a bakin gaɓa. Ya kuma bar Foridul, wanda ke tsayawa cikin taɓo yana ƙanƙance ido, baƙi suna wuce shi zuwa kwale-kwalen abokin sana'arsa Sobhan. Jiya Sobhan ya ɗaga murya ya ce masa, “Yaya, ka naɗe takarda ka leƙa mana, ko cokalin miya ka hango.” Foridul ya yi dariya tare da kowa. Ya dawo gida bai taɓa abinci ba, yana ta cewa abin amana aka ba shi ya yi sakaci.

Ba sakacinsa ba ne, kuma teku ba shi da hannu a ciki.

Za a naɗe marigayin a cikin sabon mayafin Dilwara, a sa shi a ƙasan akwati ranar Alhamis bayan la'asar, kafin ruwa ya dawo. Akwai shayi da soyayyen kifi. Foridul bai iya karatu ba. Ana roƙon wanda ya fara isowa ya karanta masa wannan takarda tun daga farko, a hankali, kada ya tsallake komai. Dilwara za ta kasance a bakin ƙofar madafa, inda zai iya ganinta.