Mai Gadin da Ya Tsira Shi Kaɗai

Jama'a, ranar Asabar ɗin nan an yi mana rashi a falo. Mamatan huɗu ne: tele, DVD, amfilifaya da akwatin kebul. Allah ya ba Yaya Tahirou haƙuri.

Yaya Tahirou mijin yayata ne, a gidansa muke ni da Mama, bayan titin High Point Road, nan Amurka. Tun da ya fara tuƙin tirela ya rantse sai falonsa ya koma silima. Tele kamar ƙofar gareji, sifika a kowace kusurwa, in an yi harbi a fim sai Mama ta yi salati daga kicin. Sai ga shi wata rana da baƙin akwati mai shuɗiyar fitila.

Na ce, "Yaya, wannan fa?"

"Fawa kwandishina. Yana gadin kaya, yana wanke kuran."

"Da ma wutar lantarki datti gare ta?"

"Ke ba za ki gane ba. Ilimi ne."

Gaskiyarsa, ban gama lise ba, wato sakandare. Amma ni kaɗai na zauna da ƙamus na karanta ɗan littafin cikin kwalin. Shafi na shida ya ce wayar kebul ma a bi da ita ta cikin akwatin, don tsawa ba ƙofa ɗaya gare ta ba. Na faɗa masa. Ya ce ya gwada, kyan hoton ya ragu kaɗan, irin kaɗan ɗin da sai idon mai ilimi ke gani, don haka ya mayar da wayar yadda take. Na ce to.

Mama tana da tsohon manyetonta, bidiyon kaset. Kaf unguwar shi kaɗai ke karanta kaset ɗin Nijar ya nuna a telen nan. Ta roƙa masa rami ɗaya a jikin akwatin, Yaya ya ce tsoho ne, zai gurɓata wa sauran wuta. Aka bar shi a soket ɗin bango kamar mara takarda.

Ranar Asabar ɗin aka kawo kaset daga Damagaram, na sunan jikar Inna Ramlatou, yayar Mama. Rabon Mama da fuskar yayar tata shekara bakwai. An gayyaci mata kallo bayan la'asar, sai hadari ya haɗo tun azahar. Mama ta tashi ta cire filogin manyeto, ta zare wayarsa daga tele, ta lulluɓe shi da leshi, yadda ake yi a gida.

"Tahirou, cire naka."

"Haba Mama, nan Amurka ce. Ba a gudun kuran a nan."

"Ita tsawar takardun Amurka gare ta?"

Ya yi dariya ya ƙara murya. Ko minti goma ba a yi ba muka ji tas! Sai wari kamar an manta roba a kan murhu. Wanda bai ji bari ba dai, kun san sauran.

Yaya ya miƙo min waya, wai bakinsa ya bushe. Masu girma na kamfanin wuta suka sa min kiɗa na rabin awa, sannan suka ce wannan aikin Ubangiji ne. Tabarkalla, ban san tauhidinsu ya kai haka ba sai ranar biyan diyya. Masu kebul suka ce in nemi masu wuta. Masu baƙin akwatin kuwa, waɗanda suka rubuta garanti da manyan baƙaƙe, wata baiwar Allah ta tambaye ni cikin ladabi ko mun karanta shafi na shida. Na ce ni dai na karanta.

Nan na tuna da wani Ranka-ya-daɗe da ya ziyarce mu lokacin zaɓe. Ya cire takalmi, ya ci fanke uku, ya yi alkawarin binne duk wayoyin unguwa a ƙasa. Allah ya saka masa, an yi binnewa. Alkawarin aka binne.

Mata suka iso. Mama ta yaye leshin kan manyeto a hankali yadda surukinta zai gani. Muka ɗauko ƙaramar telen kicin, muka rasa inda za mu ɗora ta, sai muka ɗora a kan baƙin akwatin. Daidai tsayinsa. Muka kunna kaset, Inna Ramlatou ta fito tana ɗaga hannu.

"Ga ta nan! Wallahi ta yi ƙiba!" in ji Mama, tana dariya tana share ido da gefen mayafi. Sau huɗu ta sa aka mayar baya. Yaya na tsaye a bakin ƙofa, daga ƙarshe ya ce, ƙasa-ƙasa, "Mama, gobe in na ga hadari in kira ki?"

Har yanzu shuɗiyar fitilar nan tana ƙyalli. Duk waɗanda aka ba shi gadi sun mutu, shi ko ƙwarzane babu. Yaya ya ce zai jefar da shi. Na ce kul, mai irin wannan baiwar ba a jefarwa. Takara ake tsayar da shi.