Cikin da Gwaggo Ta Gano

Ba zan taɓa mantawa ba da bikin ƙanwar mijina a Unguwar Sanusi, duk da na yi iya ƙoƙarina.

Lokacin mun jima da aure babu haihuwa. Likita ta ce matsalar daga ƙwayayen haihuwata ne: suna da yawa, amma ba sa nuna yadda ya kamata, kuma ba duka ne masu kyau ba. Sai ta ɗora ni kan allurai, kafin a ciro ƙwan a haɗa a asibiti. Alluran suka kumbura mini ciki, ga ankon an ɗinka shi tun kafin in fara.

Ina shiga tsakar gida, Gwaggo Asabe, yayar surukata, ta kalli cikina, ta kalli fuskata, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa.

"Alhamdu lillahi! Ku ba ta kujera!"

Da na ce "a'a" da shi ke nan. Ban ce ba. Na sunkuyar da kai kamar mai jin kunya. Aka kawo kujera, aka juyo mini da fanka, aka ƙaro mini nama. (Har hannu na ɗora a kan cikin. Wannan kam ba wanda ya sa ni.) Na gaji da jin "Allah ya kawo rabo." Ranar na ji "Allah ya raba lafiya," kuma ya yi mini daɗi.

Sai ga mijina ya leƙo, riƙe da 'yar kular da muke ajiye allurar. Bawan Allahn nan bai iya magana a hankali ba.

"Lokacin allura ya yi fa. Likita ta ce in aka saɓa, ƙwan ba zai nuna ba."

Gwaggo ta ce, "Wane ƙwai kuma? Ba ciki ba ne?"

"Wane ciki, Gwaggo? Ai ko cirowa ba a yi ba tukuna."

Na zame hannuna daga kan cikin a hankali. Wata ta tashi ta mayar da fankar wajen amarya.

An ciro ƙwai da yawa, kaɗan suka yi kyau, kuma wancan karon bai kama ba. Gwaggo ce ta fara zuwa duba ni. Ba ta ɗauko zancen ba, sai dai ta ce in za a sake, ita za ta raka ni.

Ni dai na koyi darasi: duk ƙaryar da za ki bari ta wuce a gidan biki, ki fara sanar da mijinki.