Kwalbar Dakta Babandi da Rijiyar Mama Doofan

Allah ya yi wa unguwarmu gata a shekarar 2007, da Dakta Babandi ya dawo garin Lafiya daga wani kwas a Turai. Ya tafi da tabarau ɗaya, ya dawo da biyu. Muka raɗa masa suna Na-Gaban-Ilimi, bai kuwa musa ba.

Tsarabarsa wata 'yar kwalba ce mai ruwa shuɗi. A cikinta, in ji shi, akwai zaren DNA, irin wanda ke ɗauke da gadon halitta. Wannan zaren rago ne, ba ya taɓuka komai shi kaɗai. Amma da ya sami dalma sai ya naɗe, ya riƙe ta kamar wuƙa, ya datse wani zaren, shuɗin ya koma ja. Ba mu gane ba, saboda haka muka tafa sosai.

Daga nan ya kalli rijiyar Mama Doofan mai kunu, ya yatsine fuska, ya ce da ido ma ya ga dalma a ciki, kuma dalma na dakushe ƙwaƙwalwa. Mu da muka girma da kunun nan muka watse. Muka koma roƙon ruwa daga tankinsa mai jan fenti, muna kurɓa muna jin basira na shigarmu. Kunun baiwar Allah ya yi ta tsami a roba.

Da ta gaji, ta tare shi a bakin hanya: "Oga Dakta, kawo wannan kwalba naka ka gwada. In akwai guba, ni da kaina zan rufe rijiya."

Ranar Asabar muka taru. Ya yi jawabi har inuwa ta gudu ta bar mu. Ya zuba shuɗin ruwan kwalbar a gilashi, ya ɗiga ruwan rijiya a ciki. Shuɗi ya zauna daram.

"Kada ku yi gaggawa, jama'a," in ji shi. "Kimiyya sai da kwatance. Ga ruwan gidana, ku ga yadda tsabta take."

Ya ɗiga. Gilashi ya yi ja kamar zoɓo. Ashe jan fentin tankinsa ne ke da dalma. Wani daga baya ya fara tafi, don sabo, sannan ya daina.

Washegari muka yi layi a rijiyar, kowa na kallon bokitinsa. Mama Doofan guga kawai take miƙawa. A gaban layin ga Dakta, ya ce samfur ya zo ɗiba don ƙarin bincike. Jarka biyu ya kawo.